Jirgin da ya tsaya Doso, da kwangilar da ake ƙullawa cikin duhu



Yau zancen kwangila za mu yi, abin da ƴan lakkwal ke ce ma marshe piblik, wato aiki ko sayayyar da gwamnati ko meri ke bayarwa da kuɗin jama'a. Mun san da yawa in sun ga kalmar sai su wuce, su ce wanga zancen manyan Yamai ne da ƴan kwangilarsu. Ku dakata tukun. Duk ƙasar nan babu garin da ya kamata ya damu da yadda ake bada kwangila kamar Gaya, don mu ne anka yi ma alkawarin jirgin ƙasa, kuma hanyar da anka bi wajen bada aikin ita ce ta tsaida shi bai iso ba.

Bari mu tuna ma juna labarin, don yaran da ke kolej yau ba a ma haife su ba lokacin da anka fara shi.

Layin dogon da ya taso daga Kwatano ya iso Paraku tun 1936, kilomita 438, ya ƙare nan. A 1959 ƙasashen biyu sunka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, wadda daga baya munka sani da suna OCBN: kaya su zo bisa jirgi har Paraku, a juye su cikin kamiyo, su biyo ta Kandi da Malanbil su hau gadarmu. Tun sannan ake faɗin wata rana za a ja layin har bakin gulbi, a ƙetare da shi. Kakanni sun ji, iyaye sun ji.

A 2008 Benin da Nijar sunka yi abin da ya dace. Sunka yi kiran tayi na ƙasa da ƙasa, apel dofur ke nan, duk kamfanin da ke da ƙarfin aikin ya kawo takardunsa. A 2010 anka sanar cewa kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou shi ya ci. Ƙarshen 2013 sai ga gwamnatocin nan dai guda biyu sun sa hannu ga wata yarjejeniya da kamfanin Bolloré na Faransa, kan layin nan guda. Ba a yi sabon kiran tayi ba. Ba a kuma warware igiyar da ke tsakaninsu da na farkon ba ta hanyar da kotu za ta yarda da ita. Aure bisa aure ke nan, kuma kowa ya san inda irinsa ke ƙarewa.

Ranar 7 ga Afrilu 2014 anka yi bikin fara aiki a Yamai, shugaba Issoufou Mahamadou tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo. A 2015 anka kafa kamfanin Benirail ya gaji OCBN. Ranar 29 ga Janairu 2016, saura mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa, anka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140. An yi guɗa, an ɗauki hoto. Alhali tun watan Nuwamba 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta riga ta ba Dossou gaskiya, ta ce a dakatar da aiki a ɓangaren Benin. A Satumba 2017 kotun ƙolin Benin ta tabbatar da hukuncin. A 2018 shugaba Patrice Talon ya nemi su biyun su janye, a ba ƴan Sin. Ƙarshen 2022 Bolloré ya saida harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC, ya kama gabansa.

Ƙarafan kuwa suna nan. Duk wanda ya shiga bas daga Gaya zuwa Yamai ya gan su daga Doso, kwance gefen gudron, nan rairayi ya rufe, can ruwa ya ƙwaƙule ƙasan. Ba su taɓa kai buhun shinkafar wani ɗan kasuwa ko'ina ba. Tsakanin Doso da Gaya ko taku guda ba a shimfiɗa ba.

To mi kiran tayi na gaskiya ke yi, wanda yarjejeniyar cikin ɗaki ba ta yi? Yana tilasta a amsa tambayoyi a rubuce, a gaban mutane, kafin a sari ƙasa. Daga ina za a fara? Mai hankali zai ce daga Paraku, inda dogo ya ƙare, don kowane kilomita da anka ƙara ya fara ɗaukar kaya yana maida kuɗi. Anka fara daga Yamai, inda kamara take. Har shi kansa jirgin bisa mota anka kawo shi, tunda babu dogon da zai biyo. Wane faɗi za a yi ma layin? Anka shimfiɗa mai faɗin mita guda, awon zamanin Turawa. Akwai hujja ga haka, don ya dace da tsohon layin Benin. Akwai kuma hujja ga babban awo, wanda da shi ne ake shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi da anka fara a 2021, ma'ana ko da layukan biyu sun gamu wata rana, jirgin wancan ba shi hawa bisa wanga. Mu ba injiniyoyi ba ne, ba za mu yanke ma kowa hukunci ba. Abin da muke cewa, wagga gardama ce da ya kamata a yi ta a fili, a rubuta amsar cikin takardar sharuɗɗan aiki, kamfanoni su yi takara bisa kanta. Sai babbar tambayar: wa ke da haƙƙin aikin nan? Ita ce ba a amsa ba, alƙalai sunka amsa ta bayan an riga an zuba kuɗi.

Masu kare abin da anka yi suna da hujja guda, kuma ku riƙe ta, don ita za ku ji kullum, daga fadar shugaban ƙasa har ƙaramar meri ta ƙauye: gaggawa. Na farkon ya yi jinkiri, in ji su, ga wani ya zo da kuɗinsa a hannu, in an tsaya bin ƙa'ida sai a shekara ana jujjuya takardu. Mu ɗauka ma haka ne. Doka ba ta ce a zauna ana kallon wanda ya ci kwangila ya kwanta bisa kanta ba. Akwai takardar gargaɗi, akwai wa'adi, akwai soke yarjejeniya bisa ƙa'ida, akwai sake kiran tayi wanda Bolloré ɗin ma zai iya shiga ya ci. A ce abin ya ci shekara biyu. Yau fiye da shekara goma ke nan da bikin Yamai, kuma Gaya ba ta ji ƙugin jirgi ba. Sauri ya haifi nawa.

Kar wani ya ce mun ce da akwai jirgi da ba a rufe gada ba. Wannan wata magana ce daban, ta siyasa da tsaro, ba ita ke gabanmu ba yau. Amma tun ƙarshen Yuli 2023 da gadar ta rufe, garin nan ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana. Kafin nan mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta nan suke bi. Yanzu ku tambayi ƴan tiransit, da masu dako, da mata masu saida abinci a tashar kamiyo, da ƴan kabu-kabu. Kuɗi sun yi wuya ga talaka, sun yi wuya ga asusun komin. Lokacin da rumbu ke cike ɓera na iya ci ba a gane ba. Yanzu da ya kusa kai ƙasa, kowace dala da anka fitar da sunanmu ya kamata mu san inda ta nufa.

Shi ya sa muke son sauko da zancen daga miliyoyin dala na Amurka zuwa namu na gida: aji uku na lakkwal, kanibo na unguwa, rumfunan kasuwa, rijiyar burtsatse, teburan yara, kwasar shara. Cutar guda ce, girman jikin ne ya bambanta.

Ƙa'idodin ba sabbi ba ne, ba kuma sai an je Faransa neman su ba. Tun Disamba 2005 ƙungiyar UEMOA ta shimfiɗa su ga ƙasashenta, Nijar ta sa su cikin dokarta, ta kafa hukumar sa ido, ARMP a da, ARCOP yanzu. In an cire musu rigar faransanci ga abin da suke faɗi: duk wanda ya cika sharaɗi a bar shi ya shiga, a auna ma kowa da mudu guda, a yi komi a fili, kuɗin kuma su sayo abin da ya kai darajarsu. Wace uwar gida ce a garin nan ba ta san wannan ba? Ba ta sayen tiya guda ta shinkafa sai ta taya wuri biyu ko uku. In ta aiki yaro kasuwa da jikka biyar, ya dawo sai ya faɗi mi ya saya, nawa, ina canji. Mai riƙe da kuɗin jama'a ɗan aike ne. Babban ɗan aike, mai mota da kashe da sa hannu, amma ɗan aike. Tambayarsa canji ba raini ba ne.

Yadda ake zagaye ƙa'idodin ma ba asiri ba ne, duk wanda ya taɓa ɗaukar dosiye ya shiga biro ko'ina cikin ƙasashen nan namu ya sani. Doka ta ce in kuɗin aiki sun kai wani mizani dole a yi kiran tayi. Sai a yanka aikin gunduwa-gunduwa kamar tsire, kowace gunduwa ta tsaya ƙasa da mizanin, a miƙa su duka ga mutum guda. Doka ta ce ga ƙananan sayayya a nemi farashi daga wurare dabam-dabam. Sai a kawo faktir uku da suna uku, na mutum, na ƙanensa, na yaron shagonsa, duka an buga su bisa kwamfuta guda, wani lokaci har kuskuren rubutun iri guda ne. Ko kuma a rubuta sharuɗɗan aiki kamar tela ya auna mutum ya ɗinka masa riga: shekaru kaza na aiki, mota iri kaza, takarda kaza da shi kaɗai ke da ita. Ko a liƙa sanarwar ranar Juma'a da marece a bayan ƙofa. Ko mutum ya faɗi farashi ƙasa-ƙasa ya ci, bayan wata uku a yi ƙarin yarjejeniya, abenan in ji masu faransanci, kuɗin su koma inda anka shirya tun farko. Duk waɗannan a takarda tsab suke. Sa hannu ya cika, kashe ya cika.

Mafi muni shi ne ranar karɓar aiki. A nan ne ake kashe mu. Kwamiti ya zo, ya zagaya, ya sa hannu cewa aiki ya yi daidai, a ci abinci a watse. Alhali doka ta tanadi karɓa biyu: ta wucin gadi, da ta ƙarshe bayan lokacin garanti, galibi shekara guda, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, har kashi 5 cikin 100, sai an ga ginin ya ci damina. A Gaya, inda ruwan sama ya fi ko'ina yawa cikin ƙasar nan, damina ita ce babban sufeto, ba ta karɓar goro. Ginin da anka rage ma siminti, ita za ta tona shi a watan Agusta. Tambayarmu: in ta tona, wa ke komawa ga ɗan kwangilar? Kuɗin garantin nan ana riƙe su kuwa, ko tun ranar walima anka sake su?

Kar a ɗauka zancen lissafi ne kawai. In kuɗin aji uku sunka gina biyu, na ukun na zana ne. Ba mu manta da gobarar ajin zana ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilu 2021 ba, yara ashirin, da ta Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar, yara fiye da ashirin. Allah ya jiƙansu. Ba mu ce kwangila ce ta kunna wutar ba. Amma duk ajin bulo da ya narke cikin aljihun wani, akwai yaran da ke zaune ƙarƙashin kara saboda shi.

Akwai wata hujja ta biyu da ake kawowa, wadda ta fi daɗin ji ga kunnenmu: a ba ɗan gari. Don mi za a yi kiran tayi wani ya taso daga Yamai ya kwashe, ga namu na zaune? Muna son ɗan gari ya samu, sosai ma. Amma wane ɗan garin? In ba takara, ɗan garin da ke samu kullum shi ne wanda ya san ƙofar baya, sauran magina da kafintoci da masu walda na garin suna kallo, su ma ai ƴan gari ne. Hanyar taimakon ɗan gari tana cikin dokar kanta. A raba babban aiki kashi-kashi a fili, cikin kiran tayi guda, yadda ƙaramin kamfani zai iya ɗaukar kashi ɗaya. Wannan halal ne, kuma ba shi ne yankan tsiren da munka faɗa ba, don shi wancan ana yin sa ne don a guje ma takara, wanga kuwa don a buɗe ta. A bada lokaci isasshe. A koya ma matasa yadda ake samun NIF da rajistar kasuwanci da takardar shaidar biyan lanho, da yadda ake haɗa dosiye. Yaro nawa ne a garin nan sunka iya gini ƙwarai amma ba su taɓa ganin takardar kiran tayi da idonsu ba?

Kuma araha ba ta ado. Adalci ba shi ne a ba wanda ya fi kowa karya farashi ba. Wanda ya ce zai gina aji da kuɗin da ko simintin ba su saye, ya riga ya faɗa muku inda zai rage. Doka ta ba kwamiti damar tambayarsa ya yi bayani, in bai gamsar ba a ture tayinsa.

Ƴan kwangila na gaskiya su ma suna da nasu kuka, kuma ba za mu tsallake shi ba. Mutum ya ci bashi a banki ko wurin ɗan uwa, ya gama aiki, a karɓa, sannan ya shiga sintiri shekara da shekaru yana neman a biya shi. Gobe in za shi sake tayi, zai sa kuɗin jiran cikin farashi, ya sa na wanda zai tura masa dosiye. Ko ya bar harkar baki ɗaya, a bar fili ga masu dogon hannu da sunka san su ba a riƙe musu kuɗi. Hukumar da ba ta biya kan lokaci ita da kanta ke koya ma mutane coge. Ranar biya ma sharaɗi ce ta kwangila, kamar ranar gama aiki.

Wasu za su ce duk wannan mafarki ne, a nan ba a iya yin abu a fili. Direbobi su ba da shaida kan hanyar Doso zuwa Bella, kilomita 83, yadda take can baya, ramuka ana zaɓen wanda za a faɗa, kamiyo na kwana gefen hanya. Da anka zo gyaranta cikin shirin MCA-Niger, an buga kiran tayi kowa ya gani, an san kamfanin da ya ci, an san mai duba aikinsa. Ba don son Amurka muke faɗi ba. Abin takaici ne ma: in kuɗin baƙo ne sai a bi ƙa'ida dalla-dalla don mai su na kallo, in namu ne sai a ce gaggawa. Ashe kenan ana iyawa. Ƙasar da ke cewa ta ɗauki ragamar kanta, wuri na farko da ya kamata a gani shi ne nan, ta tsare kuɗinta ba sai wani ya tsaya mata a ka ba.

Yanzu mu zo ga halin da ake ciki, a hankali kuma da girmamawa. Tun Afrilu 2024 anka rusa majalisun komin, anka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa. Ko mi mutum ke tunani kan konseyen da, kuma ba duka ne ke aikinsu ba, aƙalla akwai zaman da ake karanta kasafi, akwai ɗan adawa da zai ɗaga hannu ko don ya ɓata ma meri rai. Yau wannan idon babu shi. Ba mu zargin kowa da komi, a fahimce mu. Muna cewa ne in an cire ido guda, sai a buɗe wani, kuma wanda ya rage shi ne na jama'a. Kantoman da ke aiki da gaskiya shi zai fi kowa amfana, don garin nan in ba a faɗa masa ba, zai ƙirƙiro, kuma fada da teburin mai shayi ba su da kotun ɗaukaka ƙara.

An kafa COLDEFF a Satumba 2023 don karɓo dukiyar ƙasa da anka ci. Madalla. Amma COLDEFF na zuwa ne bayan ɓarna. Ana iya maido kuɗi, ba a iya maido shekarun da yaro ya yi cikin zana, ko gidan da ruwa ya ci don kanibon unguwa ya tsaya rabi. Haka nan a Fabrairu 2024 an ɗauki doka mai lamba 2024-05 da ta fitar da sayayyar tsaro daga cikin ƙa'idodin kwangila na kullum. Mun san ƙasa na cikin yaƙi, kuma ba a shelar irin makamin da za a saya a kasuwa. Sai dai ƴan Nijar ba su manta da binciken 2020 kan sayayyar ma'aikatar tsaro ba, inda sufetoci sunka ƙiyasta asarar wajen miliyar 76 na sefa tsakanin 2014 da 2019, ta ƙarin farashi da kayan da anka biya ba su iso ba, kuma rahoton ya fito ne ana cikin zaman makokin sojojin Inates da Shinagodar. Inda anka rufe ƙofa ga jama'a, dole a sa mai gadi na gaske daga ciki. Kuma kar ɗabi'ar ta malalo ƙasa. Buhun siminti ba asirin soja ba ne. Teburin ɗan lakkwal ba asirin soja ba ne.

Abin da muke nema daga meri ta Gaya da na sauran komin na yankin, da ma'aikatun gwamnati da ke nan, ba shi cin ko dala. Doka ta riga ta ce kowace hukuma ta tsara jerin kwangilolin da za ta bayar cikin shekara. A liƙa shi bisa allo a bakin ƙofa tun farkon shekara, a inda mai wucewa zai gani. Buga sanarwa cikin jaridar Le Sahel da faransanci ya cika sharaɗin doka, amma mutum nawa a Bengu ko Tunuga ke ganin Le Sahel? A kawo ta gidajen rediyo a karanta da Hausa, da Dandanci da Zabarmanci, da Fillanci. Za a ce muna nema ma kanmu talla. To a aiko ta, mu karanta cikin labaran gari kamar yadda muke karanta sanarwar allurar rigakafi.

Ranar buɗe ambulan, a buɗe su gaban waɗanda sunka yi tayi, a faɗi farashin kowa da ƙarfi. In an zaɓa, a liƙa sunan wanda ya ci da kuɗinsa, da na waɗanda ba su ci ba da dalili. Wanda bai gamsu ba ya san akwai kwamitin warware saɓani a ARCOP da zai iya kai ƙara gare shi, kuma kar a mayar da shi abokin gaba don ya yi. Ƙorafin da anka saurara kafin a fara aiki ya fi arha bisa wanda kotu za ta saurara bayan an gama, labarin dogo ya ishe mu misali. A kowane wurin aiki a kafa allo: wa ya bada kuɗi, nawa ne, wane kamfani, wa ke duba shi, yaushe za a gama. Sau da yawa akwai allon, sai ka tarar layin kuɗin ne kaɗai babu. Ranar karɓar aji kuma a kira kwamitin iyayen yara da mai gari, da wani magini na garin da ba shi da hannu cikin aikin, a bar shi ya ƙwanƙwasa bango. In akwai gaggawa ta gaske, ambaliya ta yanke hanya ko annoba ta ɓarke, doka ta yarda a bada aiki kai tsaye. A bayar, amma bayan haka a faɗi wa anka ba, nawa, da dalilin.

Tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma. Ba alfarma ba ce za a yi mana.

Zancen jirgi kuma zai dawo, don duk gwamnatin da ta zo sai ta tada shi, ga shi yanzu bututun mai ma ta gefenmu ya bi ya tafi teku. Ranar da ya dawo, ko Baturen Faransa ne ya zo da shi, ko ɗan Sin, ko ɗan Turkiyya, ko ɗan Rasha, ko attajirinmu na gida, tambayoyin ba su sakewa: an warware tsohuwar igiyar? Su wa sunka yi takara? Daga ina za a fara? Ina takardar? Ƴan kasuwar Gaya da ƙungiyoyin masu sufuri da sarakunanmu su yi tambayar tun kafin ranar guɗa.

Kafin nan, ga aikin da za mu fara tare. Duk wanda akwai aikin gwamnati ko na meri a unguwarsu ko ƙauyensu, wanda ake yi ko wanda ya tsaya, ya ɗauki hoton allon wurin ya aiko mana nan ƙasa, ya faɗi sunan wurin. In babu allo, ya ɗauki hoton aikin ya ce babu. Kar a sa sunan mutum da zargin da ba hujja, za mu goge. Abin da munka tattara za mu kai ma hukumomin da abin ya shafa, mu ba su makirufo su amsa, kuma za mu karanta amsar yadda ta zo.